Ƙaunar Beguwa da Nauyin da ke Tattare da Ita

Sanin kowa ne cewa ɗan Adam ba ya raba ƙaunarsa daidai a tsakanin dabbobi. Yana son doki saboda kwarjininsa, yana son kyanwa saboda sabo, yana kuma sha'awar barewa saboda kyan ƙirarta. Akwai kuwa wasu halittun da aka daɗe ana yi musu kallon hadarin kaji, daga cikinsu har da beguwa. A ƙasar Hausa manomi ya san ta a matsayin ɓarauniyar rogo da dankali, maharbi ya san ta a matsayin nama, mai tallar magani kuma yakan baje ƙayarta a kan tabarma ranar kasuwa. Ko a tatsuniya ba ta cikin manyan taurari irin su Gizo da kura da dila. Sai ga shi a 'yan shekarun nan, musamman a Amurka da Turai, wannan dabba ta sami ɗimbin masoya. Wasu na kwana a daji don su gan ta, wasu na ba da kuɗinsu ga gidajen jinyar namun daji don a kula da marayunta, wasu kuma na tururuwa gidan ajiye namun daji ba don zaki ko giwa ba sai don ita.

Wannan ƙauna abar maraba ce, kuma ya dace ta sami gindin zama a nan ƙasar ma. Sai dai so, in ji Bahaushe, hana ganin laifi ne, laifin da masoyin beguwa ya fi kasa gani kuwa shi ne nasa na kansa. Ƙaunar da ba ta tafi tare da sani ba takan cutar da dabbar, ta kuma manta da mutumin da dabbar ke yi wa ɓarna. Wanda zai tsaya gaban yara a aji yana da ruwa da tsaki a wannan batu, domin abin da yaro ya ɗauka game da halittun dajinsu a firamare, da shi yakan girma.

Wace ce Beguwa?

Da farko ya kamata a raba ta da bushiya, domin ɗalibai da yawa, musamman 'yan birni, suna ɗaukar sunayen biyu na dabba ɗaya ne. Harshen Hausa bai yi wannan kuskure ba, ya ba kowacce sunanta, kuma kimiyya ta gaskata shi. Bushiya 'yar ƙarama ce da ba ta wuce tafin hannu biyu ba, ƙwari ne yawancin abincinta, idan ta ji tsoro sai ta dunƙule. Beguwa kuwa dangin ɓera ce da gafiya da kurege, wato dabbobi masu gwaguya waɗanda haƙoransu na gaba ba sa daina tsawo har su mutu. Nau'in da ake samu a dazuzzukan Arewa, wanda masana ke kira Hystrix cristata, babbarsa takan haura kilo 20, kuma wasu daga cikin ƙayoyinta sukan kai santimita 30. A kurmin Kudu akwai wata ƙarama mai doguwar jela. Sunan da Ingilishi ya ba ta ma aro ne daga tsohon Faransanci, ma'anarsa alade mai ƙaya, alhali ba ta haɗa komai da alade ba.

Da dare take fita. Saiwa da doya da ɓawon itace da 'ya'yan itacen da suka faɗo su ne abincinta. Da rana takan kwanta a kogon dutse, ko ramin da ta haƙa, ko wanda dabgi ya bari. Tana da wata ɗabi'a mai ban mamaki ta jan ƙasusuwan matattun dabbobi zuwa raminta tana gwaguya, don ta wasa haƙora ta kuma sami sinadaran da tsirrai ba su wadata ta da su ba. Wannan ɗabi'a ta taɓa shiga muhawarar masana tarihin ɗan Adam. An sami tarin ƙasusuwa a wasu kogunan Afirka ta Kudu aka ɗauka mutanen farko ne suka tara su a matsayin makamai, sai masani C. K. Brain ya nuna a littafinsa na 1981 cewa damisa da kura da beguwa suna da hannu dumu-dumu a irin wannan tari.

Babbar camfin da ke kanta ita ce wai tana harbi da ƙayarta kamar yadda maharbi ke sakin kibiya. Ba Bahaushe kaɗai ya yarda da haka ba. Aristotal na Girka ya rubuta shi, Filini na Rum ya maimaita. Sarkin Faransa Luwis na 12, wanda ya yi mulki daga 1498 zuwa 1515, ya ɗauki beguwa a matsayin tambarinsa da taken da ke nufin yana iya illa daga kusa da kuma daga nesa. Asantawan Gana ma sun ɗauke ta alamar jaruntakarsu, suna kiranta kotoko, sunan da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kumasi, Asante Kotoko, ke ɗauke da shi tun 1935, kamar yadda duk Bahaushen Zango ya sani. Gaskiyar magana ita ce beguwa ba ta harbi. Ƙayarta gashi ne da ya yi tauri, da irin sinadarin da ke cikin farce da ƙaho aka yi ta, kuma ba ta kafu sosai a fata ba. Da ta taɓa jikin maƙiyi sai ta tsige ta maƙale a can, wata kuma ta sake tsirowa a gurbinta. Wanda ya ga karensa ya dawo da ƙayoyi a fuska cikin ƙiftawar ido, dole ya rantse harbinsa aka yi.

Abin da ya fi dacewa a koya wa yara shi ne yadda take kashedi kafin ta kai ga faɗa. Takan fara miƙar da dogon gashin wuyanta da ƙayoyin bayanta har ta ninka girmanta a ido. Idan maƙiyi bai ja da baya ba sai ta kaɗa jela, inda akwai wasu ƙayoyi masu rami a ciki da ke ƙara kamar caki. Sai ta buga ƙafa a ƙasa tana gurnani. Sai duk wannan ya ci tura take juya baya ta afka wa maƙiyin da gudu. Dabbar da ke ba da uzuri har sau uku ba ta cancanci a kira ta mafaɗaciya ba. Wanda ya ƙi ji kuwa yakan gani. Wani bincike da Julian Kerbis Peterhans da abokan aikinsa suka wallafa a 2019 ya tattaro labarin zakoki kusan 50 da beguwa ta raunata ko ta kashe, yawancinsu matasan maza marasa wayo. Cikinsu har da wani zaki da ya koma cin mutane a Darajani ta ƙasar Kenya a 1965, wanda aka tarar da ƙaya ta nutse masa cikin hanci. Zakin da ciwo ya hana shi kamun ɓauna, shanu da mutane yake komawa.

Daga Ina Ƙaunar ta Taso?

A Amurka ba da ƙauna aka fara ba. Beguwar can mai hawa itace ce, tana cin ɓawon itatuwan katako, ga ta da kwaɗayin gishiri har takan gwaguye ƙotar gatari saboda gumin da ya shiga cikinta. Saboda haka wasu jihohi suka daɗe suna biyan lada ga duk wanda ya kashe ta. Jihar Bamont ma, tsakanin 1959 da 1967, ta shigo da wata dabba dangin dage wadda ta ƙware wajen kashe beguwa, ta saka a dazuzzukanta. Abin da ya sauya tunanin mutane shi ne sani. Masana irin su Uldis Roze sun shafe shekaru suna bin ta a daji, suka gano cewa ɗa guda take haifa bayan ciki na wata bakwai, suka kuma gano cewa akwai wani maiƙo a jikin ƙayarta mai hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, wanda ake ganin yana kare ta ne idan ta faɗo daga itace ta soki kanta. A 2012 wasu masu bincike a Boston sun nuna cewa ƙananan ƙugiyoyin da ke bakin ƙayar beguwar Amurka, wadda ke ɗauke da ƙaya kusan 30,000, suna rage ƙarfin da ake bukata don huda fata da kusan rabi, abin da masu ƙera allura da kayan ɗinkin tiyata suka sa wa ido.

Sannan sai hoton bidiyo ya zo. A 2011 wata beguwa da aka raɗa wa suna Teddy Bear, wadda wata cibiyar wayar da kai kan namun daji a jihar Tekzas ke riƙo, ta shahara saboda wani hoto da aka ɗauke ta tana cin masara tana ƙunƙuni kamar yaron da aka ce ya sam wa ƙanensa. Miliyoyin mutane sun kalla. Wanda ya saba jin labarin ƙaya kawai, sai ga shi yana ganin dabba mai zagayayyar fuska, tana riƙe abinci da hannu biyu.

Beguwar Afirka ma tana da abin da zai sa a so ta. Namiji da mace sukan zauna tare shekara da shekaru, ba sa rabuwa da wuri. Ɗa ɗaya ko biyu suka fi haifa, a zo da shi ido buɗe, ƙayarsa da taushi, sai bayan 'yan kwanaki ta yi tauri. Uban yana taya reno, yana raka 'ya'yan kiwo da dare, idan haɗari ya taso iyayen su sa su a tsakiya. Wanda ya san wannan, da wuya ya ci gaba da kallon ramin beguwa a matsayin tukunyar nama kawai.

Inda Ƙauna ke Zama Cuta

Matsalar ita ce beguwa ba ta san ana yi ba. Son maso wani ne, domin abin da take so shi ne duhu da shiru da nisa daga ɗan Adam. Masu aikin jinyar namun daji na gaskiya sun san haka, shi ya sa aikinsu ya saɓa wa abin da zuciya ke so. Marayan da aka kawo musu ba sa rungumarsa, ba sa yi masa wasa, suna rage haɗuwa da shi iyakar iyawarsu, saboda ɗan beguwar da ya saba da hannun mutum ba zai ƙara jin tsoron mutum ko karensa ba, idan aka sake shi a daji kuwa an tura shi ga ajalinsa ke nan. Nasarar gidan jinya ita ce ranar da dabbar ta warke ta shige daji ba ta waiwayo ba. Waɗanda ake gani a bidiyo suna cin masara a hannu, galibinsu waɗanda ba za a iya mayarwa ba ne, ko don rauni ko don sun riga sun saba. Mai kallo ba ya ganin wannan ɓangare, shi dai ya ga abin sha'awa, sai ya ce shi ma yana son tasa a gida.

Haka kuma yawancin 'ya'yan da mutane ke ɗaukowa da sunan ceto ba marayu ba ne. Beguwar Amurka takan bar ɗanta a gindin itace da rana ta hau sama ta huta, da dare ta sauko ta shayar da shi. Mai tausayi ya zo wucewa ya ga ɗa shi kaɗai, ya naɗe shi a riga ya tafi da shi, ya raba ɗa da uwa yana ganin ya yi aikin lada. A nan ƙasar kuma hanyar da ɗan beguwa ke isowa hannun mai saye sananniya ce: an turara wa rami hayaƙi, an kashe iyayen, an ɗauko ɗan. Duk wanda ya saya don tausayi, ya biya kuɗin turara rami na gaba ne. Ga shi kuma dabba ce da takan haura shekara 20 a hannun mutane, mai haƙa ƙasa, mai gwaguyar ƙofa da wayar lantarki. Marmarin wata uku ba ya ɗaukar wannan nauyi.

Akwai masu cewa a yi kiwonta kamar zomo, ta haka za a sami nama a kuma bar na daji su huta. Maganar tana da daɗin ji, amma an gwada. A ƙasar Biyetnam an buɗe gonakin kiwon beguwa da yawa, sai wani bincike da aka wallafa a 2010 ya nuna cewa fiye da rabin masu gonakin da aka tambaya da beguwar daji suka kafa kiwon nasu, kuma masu gidajen abinci sun ci gaba da neman ta daji saboda ta fi araha, masu ci kuma sun fi son ta. Kiwon ya faɗaɗa kasuwa, dajin ya ci gaba da ƙarewa.

Gidajen ajiye namun daji su ma suna da abin dubawa. Dabbar da ke barci da rana, idan aka ajiye ta a kan siminti, ba rami, ba duhu, ba itacen gwaguya, yara na zungurarta da kara don ta miƙe ƙaya, ba a koya wa kowa komai ba sai rashin tausayi. Malamin da ya kai ɗalibansa ziyara irin wannan wuri, wajibinsa ne ya hana zungurar, ya kuma tambaye su abin da suka ga ya rasa a kejin.

Haƙƙin Manomi

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da ke kallon beguwa a wayar hannu ba shi da bakin yi wa manomin da ya wayi gari ya tarar an tone masa kunya goma ta dankali wa'azin tausayi. Ɓarnarta gaskiya ce, ga rogo, ga gyaɗa, ga masara da kabewa, wani lokaci ta zagaye ɓawon ƙaramin itace har ya bushe. Duk ƙaunar da ba ta lissafa wannan asara ba, ta 'yan birni ce, kuma ba za ta ƙetare bakin kwalta ba.

Amma a yi adalci ga ɓangare biyu. Beguwa ba ta zo gona da ƙafar mugunta ba, gona ce ta iske ta. Dajin da take samun saiwa a cikinsa an sare shi don itacen girki da gawayi, an ƙone shi da rani don farauta, an nome abin da ya rage. Ƙungiyar kare halittu ta duniya ba ta sa wannan nau'i cikin waɗanda ke gab da ƙarewa ba, sai dai wannan hukunci ne na duniya baki ɗaya. Dabba tana iya wadata a Tanzaniya alhali ta ɓace daga ƙaramar hukuma guda a nan, kuma dabbar da ke haihuwar ɗaya ko biyu ba ta jure farautar da ba ta da ƙa'ida. Tambayar da ta dace a yi wa tsofaffin maharba a kowane gari ita ce, yaushe rabonsu da ganin raminta, kuma tafiyar awa nawa ake yi yanzu kafin a same shi?

Italiya misali ce mai amfani, domin irin beguwar nan ta Arewa ce ke zaune a can. Doka ta daɗe da hana kashe ta, ta kuwa yaɗu har zuwa arewacin ƙasar inda a da ba a san ta ba. Manoman can ba su daina kuka ba, masu farauta a ɓoye ma ba su ƙare ba, amma an koma neman maganin ɓarnar a bakin gona, ta hanyar shingen waya da ake binne gindinsa cikin ƙasa don kada ta haƙa ta shige, da kuma shingen lantarki mara tsawo. Ba kowane manomi a nan ke da kuɗin wannan ba. Duk da haka fadamar dankali ko lambun da ke bakin dutse ba su fi ƙarfin shinge ba idan ƙungiyar manoma ko ma'aikatar gona ta sa hannu, kuma nan ne ya kamata kuɗin masoya beguwa ya tafi kafin ya tafi ga sayen riga mai hotonta. Guba dai ita ce mafi munin hanya, don ba ta zaɓe: ta kashe beguwa, ta kashe karen gida da ungulu, wani lokaci har wanda ya tsinci naman.

Akwai ma wani amfani nata da manomi zai fi kowa fahimta. A hamadar Nagab masana sun lura cewa ƙananan ramukan da 'yar'uwarta ta Asiya ke tonawa wajen neman saiwa suna tara ruwan sama da ƙasa mai taki da irin tsirrai, har tsiro ya fi yawa a cikinsu fiye da fakon da ke kewaye. Wannan ita ce hikimar tassa, ramukan da manoman yankin Tawa a Nijar ke haƙawa don farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Beguwa ta daɗe tana yin wannan aiki a daji ba da lada ba.

Malamin Hausa ba masanin dabbobi ba ne, amma darasin sunayen dabbobi da na ƙacici-ƙacici da karin magana da insha'i duk a hannunsa suke. Yana iya tura ɗalibai su tambayi kakanninsu da maharban garinsu abin da suka sani game da beguwa, da kirarinta, da zantukan da ake yi a kanta a karin harshen yankinsu, su rubuto. Daga nan sai a zauna a aji a tace, a ware abin da ido ya gani daga abin da aka ji an ce, ba tare da an raina mai faɗa ba, domin maharbin da ya yarda tana harbi shi ne kuma ya fi kowa sanin sawunta da lokacin haihuwarta. Idan aka sami ƙaya guda aka kawo aji, yara su ga zanen baƙi da fari da ke jikinta, a yanka ta su ga cikinta mai kama da totuwa, su gwada nauyinta a tafin hannu su faɗi da kansu ko abu mara nauyi haka zai iya tashi ya huda mutum daga nesa. Ƙayar kuwa ba sai an saya a wurin wanda ya kashe ba. Beguwa tana zubar da ita da kanta, akan tsince ta a bakin rami da kan hanyar da take bi zuwa ruwa.